Yau Ni, Gobe Ma'u

Mahaifiyata Batul ba ta iya cin abu ita kaɗai ba. In aka kawo mata kifi daga bakin teku, kafin ya ga tukunya ta riga ta aika da wutsiya gidan wance, kai kuma gidan wance, mu 'ya'yanta a bar mu da tsakiya da haƙuri. Haka na tashi na gan ta, na yi mita har na gaji na bari. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wannan hali zai bi ta har cikin kwalin magani.

Sunana Radiyya. A Zongon Lome aka haife ni, can bayan Agoè, kuma da na gama makaranta na samu aiki a wata cibiyar binciken lafiya. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Ma'aunin hawan jini a jaka, in hau zemijan, wato babur na haya, in bi gida gida ina ɗaura wa tsofaffi abin a hannu. Wuyarsa ɗaya ce: duk gidan da na shiga a Zongo an san ranar sunana, kuma ba a jin maganar wadda aka taɓa goyawa.

Mma, haka muke kiran mahaifiyarmu, tana da hawan jini. Ta taɓa yanke jiki ta faɗi a rumfarta ta atamfa, aka kwashe ta sai asibiti, ta tashi da hannun hagu mai nauyi. Likita ya rubuta mata magani iri uku, wani da safe wani da yamma, ya ce in ta kuskura ta sake faɗuwa ba lallai ta tashi ba. Ta sha na ɗan lokaci. Daga baya abin ya koma bin kasuwa: in an yi ciniki a sayi magani, in ba a yi ba a ce Allah shi ne mai tsarewa. Duk safiya sai na saci kallon bakinta in ga ko ya karkace. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Shi ya sa ranar da shugabanmu Dokta Tchakoura ya yi mana bayanin sabon bincike, na ji kamar don Mma aka shirya shi. Akwai wata ƙwaya, doguwa mai ruwan hoda, da ta haɗa magungunan nan uku a ciki, a sha sau ɗaya da safe a huta. Asusun inshorar lafiya na 'yan kasuwa, wanda Mma da ƙawayenta suke zubi a cikinsa, ya ce zai iya ɗaukar nauyin ƙwayar ga duk mai rajista, amma sai an nuna masa kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Wato a tabbatar cewa jinin masu shanta yana sauka sosai, har ya zama sayen ƙwayar ya fi wa asusun sauƙi a kan biyan gadon asibiti na waɗanda jikinsu ya shanye. Hanyar nunawa kuwa ita ce a raba mutane gida biyu da ƙuri'ar na'ura. Rabi a riƙa ba su ƙwayar kyauta duk wata, rabi su ci gaba da yadda suka saba, sai dai a riƙa auna su. A ƙarshen shekara a gwada a gani. In bambanci ya fito fili, kowa ya samu har illa masha Allahu. In bai fito ba, a nannaɗe tabarma.

Na zage na yi aiki. Babu unguwar da ta kai Zongo yawan waɗanda suka shiga, Amoutivé da Akodésséwa ko kusa ba su zo ba, har Dokta ya yaba mini a gaban mutane. Yawancinsu matan makarantar Malama Ummu Hani ne, inda iyayenmu mata suke karatun addini ranar Asabar. A tsakar gidanta muka tara su, Dokta yana faɗa da Faransanci ina mayarwa da Hausa. Na faɗa, na maimaita, na sake maimaitawa: wadda aka ba ta sha ita kaɗai, kada ta ba kowa, domin maganin wata ba na wata ba ne. Suka gyaɗa kai gaba ɗaya suka ce sun gane. Ya kamata in tuna cewa a Zongo in tsohuwa ta ce ta gane, nufinta ki gama mu je mu ɗora tukunya.

Ƙuri'a ta faɗa kan Mma. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi a ofis ba. Amma ba ta faɗa kan Tanti Ma'u ba.

Tanti Ma'u mai shinkafa da wake ce a bakin titi, ƙawar Mma tun suna 'yan mata. Sun ce a mota ɗaya aka kwaso su ranar da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari, kuma tun ranar ba su rabu ba. Ni aka ba aunata, tunda ƙa'ida ta hana ni auna mahaifiyata. Ranar farko da na ga lambar da ma'auni ya nuna, sai da na sauya hannu na sake, na zaci na'urar ce ta lalace. Muka tura ta asibiti, aka rubuta mata takarda, ta sayi na mako ɗaya ta sha, ta ce kuɗin ya fi ribar tukunya, ta ajiye takardar a ƙarƙashin katifa.

Wata ya bi wata. Duk ƙarshen wata masu ƙwaya sukan dawo da kwalayensu mu duba, kuma na Zongo kullum wayam suke, ko ɗaya ba a bari. Dokta ya riƙa buga misali da mu. A wasu unguwannin ana mantawa, ana tafiya ƙauye a bar magani a gida, amma matan Zongo, in ji shi, sojoji ne. Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure masa kai. Jinin masu ƙwayar ya sauka, amma ba yadda ake tsammani ba. Na waɗanda ba a ba komai ba kuma shi ma yana sauka.

"Wataƙila awon da kike musu ne ya sa suka shiga hankalinsu," in ji shi. "Sun rage gishiri, sun rage mai."

Don ladabi, a zuci na yi tambayar. Tanti Ma'u ta rage gishiri? Matar da in kin ci miyarta sai kin yini kina neman ruwa? A gida kuma Mma tana yawan ɗaure kai da ɗankwali tana cewa rana ce ta buge ta, ko da kuwa yinin ranar hadari aka yi. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni da karatuna ban gano komai ba, sai da aka ajiye mini abin a gaban hancina.

Wata Alhamis da safe na je auna Tanti Ma'u a wurin sana'arta. Layi ya yi tsawo, 'yan zemijan sun jera babura suna miƙo kwano. Ta zuba mini shinkafa ban tambaya ba, ta zauna a kan benci tana haki, ta miƙo hannu. Ina ƙoƙarin ɗaura ma'auni sai ta janye.

"Tsaya, ɗiyata, in sha maganina tukuna. Saura kaɗan in manta, yau ranata ce."

Ta kwance haɓar zaninta, ta fito da ɗan gwangwanin man zafi wanda ya ƙare, ta buɗe. A ciki ga ƙwayoyi dogaye masu ruwan hoda. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki ta kora da ruwan leda, hankalinta kwance.

"Tanti, wa ya ba ki wannan?"

"Wa kuwa? Batul mana."

"Me kike nufi da ranarki ce?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan kakata. "Yau ni, gobe ita. In ranar Juma'a ta zo mu bar wa wadda kanta ya fi ciwo. Wallahi maganin nan naku akwai kyau, ki gaishe da Doktan. Tansiyon ɗina, hawan jinin nan, ya kwanta lumui."

Ban ci shinkafar ba. Ban ma tuna ko na auna ta ba. Na tsayar da zemijan na ce ya kai ni gida, duk hanya ina magana ni kaɗai har mai babur ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Na sami Mma tana ninke turamen atamfa za ta fita kasuwa. Ban ko yi sallama yadda ya kamata ba.

"Mma, ke kike ba Tanti Ma'u maganinki?"

"Wa alaikumus salam," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Salamu alaikum. Mma, ke kike ba ta?"

"Rabi nake ba ta. Kada ki ƙara mini abin da ban yi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara. Da sai in jira yaushe?"

Na zauna a kan turmin daka. Na ce mata ba goro ba ne, ba tsarabar Makka ba ce, magani ne da aka auna don jikinta, kuma shan sa yau a bari gobe an yi ba a yi ba ne. Na ce ana iya ba mutum abin da zai cuce shi, tunda ba a duba ƙodar Tanti Ma'u don wannan ƙwaya ba. Na ce likita ya gaya mata da bakinsa abin da faɗuwa ta biyu take nufi. Ta bar ni na gama tas.

"Kin gama? To ji nan. Ke kika auna Ma'u, ke kika dawo gidan nan kina cewa lambarta ta ba ki tsoro. A kunnena kika faɗa. Sannan na'urarku ta rufe ido ta zaɓe ni ta bar ta. In zauna ina haɗiya kullum safiya, ita tana can gaban wuta jijiyar wuyanta na harbawa, in wuce in ce ina kwana Ma'u? Da wane baki?"

"Mma, bincike ne. Na shekara ɗaya ne kawai. In ya yi kyau ita ma za ta samu, kowa zai samu."

"Shekara. Ke kika rubuta mata shekarar?"

"Amma kwalayen da kike dawo da su…"

"Kun ce a dawo da kwali babu komai a ciki. Akwai wanda na dawo da shi da abu a ciki?"

Haushi ya kama ni. Na ce to shi ke nan, gara da abin ya tsaya a kansu su biyu, zan san yadda zan yi. A nan ne Mma ta ɗago ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa yaron da ya faɗi jarrabawa.

"Mu biyu? Duk makarantar ce. Kowace mai ƙwaya an haɗa ta da 'yar'uwarta. Malama ce ta haɗa mu, don kada a yi son kai."

Ranar Asabar na je wurin Malama Ummu Hani da shirin faɗa, na dawo da wa'azi. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ta saurare ni da natsuwa. Sannan ta jawo mini haƙƙin maƙwabci tun daga tushe, ta ce su ba su saci komai ba, abin da aka ba mutum kyauta ya zama nasa, kuma mai abu shi ke da ikon kyauta da shi. Ta ce da farko ma wasu sun so a ƙi karɓa gaba ɗaya, don raba jama'a da ƙuri'a ya yi musu kama da caca, ita ce ta lallashe su ta samo wannan mafita saboda kada a kunyata ni, 'yar unguwa. Wato ni aka yi wa alfarma. Ta ƙara da cewa tsarin yana tafiya lafiya, ba a taɓa samun wadda ta ci ranar wata ba, har ma in wata ta yi tafiya akan ajiye mata nata. A ƙarshe ta yi mini addu'ar miji nagari ta rako ni ƙofa.

Litinin na shiga ofishin Dokta Tchakoura na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya ajiye, ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka.

"C'est pas vrai," ya ce da Faransanci, wato ba zai yiwu ba. "Dukansu?"

"Dukansu, Dokta. Da tsari."

Na ce ai sai a cire Zongo daga lissafi, ko a rubuta cewa kowa rabi ya sha. Ya girgiza kai. Ya ce za a rubuta abin da ya faru, dole ne, amma ƙa'idar da aka sa wa hannu da asusun tun farko ita ce, inda ƙuri'a ta jefa mutum nan ake lissafa shi, ya sha ko bai sha ba. In aka bar mai bincike ya riƙa cire waɗanda ba su yi masa daɗi ba, kowa sai ya samo sakamakon da yake so. Na ga gaskiyarsa, kuma ganin gaskiyar tasa ya ƙara mini haushi, don na so a ce akwai wanda zan zaga. Shi yana da gaskiya, Malama tana da tata, ni ce kawai a tsakiya da jakar ma'auni.

Muka sake tara matan. Wannan karon Dokta har da zane ya yi a allo, ya nuna musu layi biyu, ya ce in layukan suka haɗe asusun zai ce ƙwayar ba ta da amfani. Ya roƙe su. Ya sa aka duba jinin duk waɗanda suka sha ba da izini ba, Allah ya taimaka ba a sami wadda ta cutu ba, abin da matan suka ɗauka a matsayin hujjarsu. Suka gyaɗa kai suka ce sun gane. Lokacin kuwa shekarar ta riga ta yi nisa, ihu ne bayan hari.

Ni dai na ce ko ba don bincike ba, uwata za ta sha maganinta cikakke. Na ƙwace kwalin na sa a jakata. Da safe na ɓallo ɗaya na miƙa mata da kofin ruwa, na tsaya a kanta. Ta sha, ta buɗe baki ta nuna mini harshe don tsokana. Washegari na sake miƙa mata. Ta kalli ƙwayar ta kau da kai.

"Yau ba ranata ba ce."

"Mma, duk ranaku naki ne."

"Ta Ma'u ce. In ba za ki kai mata ba, mayar da ita cikin jakarki. Ni ba na cin haƙƙin mutane."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira yayana da ke Akara a waya ya yi mata magana, ta ce masa ya kula da matarsa. Na yi kuka, ta ba ni ɗankwalinta in share hawaye, amma bakinta a rufe. Haka muka yi ta yi, rana ɗaya ta sha, rana ɗaya ƙwaya ta kwana a jakata ba ta amfani kowa ba. Garin neman gira ina shirin rasa ido: Mma ba ta ƙaru da komai ba, Tanti Ma'u kuma ta rasa ɗan abin da take samu. Da na je auna ta a makon da ya biyo, lambar ta sake hawa, idonta ya yi ja, ta ce tana jin ƙara a kunne. Ba ta ce mini komai a kan maganin ba. Ta zuba mini shinkafa kamar kullum, har da ƙarin ƙwai, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na matsa mata ta koma asibiti, na biya mata na 'yan kwanaki daga albashina, wanda shi ma ba wani abin kirki ba ne. Da suka ƙare na rasa yadda zan yi. Wata safiya na fito da kwalin daga jaka na ajiye a kan teburin Mma, na fita aiki. Da na dawo ba ya wurin. Ba ta tambaye ni ba, ban tambaye ta ba. Na gaya wa Dokta, ya dube ni kawai ya ɗaga kafaɗa, don shi ma ya gaji.

Sakamako ya fito bayan ƙaramar salla. Dokta ya ce haƙƙin mutane ne a je a gaya musu da baki, don haka muka koma tsakar gidan Malama. Matan suka ci ado kamar za a suna, an yi hayar kujerun roba, wata ma ta kawo lemo. Ni na riga na san abin da ke ciki, tun a ofis na ji.

Dokta ya fara, ina fassarawa. Ya ce a sauran unguwanni an ga bambanci, masu ƙwayar sun fi samun sauƙi, amma mutanen can ba su da yawa. Ya ce a Zongo, inda aka fi yawa, jinin kowa ya ɗan sauka, kuma tsakanin waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba, babu wani bambanci.

Ban rufe baki ba guɗa ta tashi. Tafi raf raf raf. Wata ta rungume ta kusa da ita, Malama tana ta masha Allah, Tanti Ma'u ta miƙe tana juyi da mayafi. Babu wadda ta fi wata! Abin da suka ji ke nan, kuma a wurinsu babu labarin da ya fi wannan daɗi. Dokta ya dube ni, na dube shi. Ya ci gaba da magana cikin hayaniyar, ya ce da aka haɗa duka, bambancin da ya rage bai kai abin da asusun ya nema ba, don haka asusun ba zai ɗauki ƙwayar ba, kuma rabon kyauta ya ƙare da wannan wata. Na fassara da iyakar muryata. Na gaba gaba suka ji suka yi tsit, na baya suna ta buɗe lemo. Ana cikin haka aka kira la'asar, taro ya watse.

Muka taho gida a ƙasa ni da Mma, tana tafe a hankali tana amsa gaisuwa, fuskarta fal murna. Ta ce Doktan nan mutumin kirki ne, a samu a aika masa da turmin atamfa ɗaya ya ba matarsa. Sai da muka bar titi muka shiga lungunmu ta ce:

"Na wata mai zuwa fa, yaushe za a kawo? Namu saura kaɗan."

"Ba za a kawo ba, Mma."

"Sai bayan yaushe?"

"Ba za a sake kawowa ba. An gama. Asusun ya ce ba zai saya ba."

Ta tsaya cak. "Ba yanzu mutumin nan ya ce kowa ya samu sauƙi ba?"

"Shi ne matsalar. Ana so a ga masu sha sun fi marasa sha. Kun sa kowa ya zama ɗaya. Sai aka ce ashe ƙwayar ba ta da wani tasiri."

Duk abin da na tara a ciki tsawon watanni ya taso mini. Na ce na faɗa, na maimaita, Dokta ya yi zane a allo, an roƙe ku. Na ce yanzu ga shi nan, ke babu, Tanti Ma'u babu, matan Amoutivé da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su ma babu. Na ce gobe sai mu koma farmasi sayen magani mu ga ta inda za mu fara. Wata mata ta leƙo ta taga ta koma. Mma ta saurare ni har na gama. Ta jingina da bangon wani gida, ta dubi ƙasa, na ga tsufanta ya fito a fili.

"Wato mu muka kashe shi," ta ce a hankali.

"Ku ne."

"Da na shanye ni kaɗai, da yanzu duk unguwa ta samu."

"Wataƙila. Dokta ya ce da alama."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Wannan karon ta gane da gaske, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba da faɗa ba, tambaya take yi tsakaninta da Allah, irin wadda ake yi wa wanda ya yi karatu.

"To Ma'u fa? Ke kika ga lambarta ranar farko. Da na shanye ni kaɗai, da ta kai yau?"

Na buɗe baki. Na san lambar, har yanzu ina ganinta a idona, kuma na san abin da littafi ya ce a kan mai irin wannan lamba in ta shekara a gaban wuta babu magani. Haushina yana nan bai tafi ko'ina ba, amma na rasa kalma ɗaya da zan ɗora a kansa. Mma ta jira, ta jira. Da ta ga ba ni da amsa, sai ta miƙo mini hannu na kama ta, muka ƙarasa gida kafin lokacin salla ya wuce.